Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Kaza da 'Ya'yanta

Wancan makon na yi alkawarin labarin tafiyata makarantar kwana, amma ku yi mini haƙuri, Iya ce ta tsaya mini a rai. Shekaranjiya aka ɗauke wuta, na fito tsakar gida, ina ɗaga kai sai ga taurarin nan Kaza da 'Ya'yanta a saman darbejiya. Sai da na nemi wuri na zauna.

A ƙauyenmu na ƙasar Roni, in an gama yankan dawa, tabarma ɗaya muke shimfiɗawa ni da ita a gindin rumbu. Hannunta na ƙanshin daddawa, ta kama haɓata ta ɗaga. "Maigida, ga kazar nan, ƙirga mini 'ya'yan." In na ce shida, ta ce akwai na bakwai, idona ne bai nuna ba. Ƙasa da su ga uku a jere, mafarauci da kare da zomo, kullum ana bi ba a kamawa. Ta ce ran da kazar ta daina fitowa da almuru a bazara, a gyara garma, ruwa na hanya. Daga nan ta ja zane ta rufe ƙafafuna ta ce, "Kwanta, mai kiwon nan ba ya barci."

Iya ba ta san ko baƙi ɗaya ba, kuma sai da furfura ta karɓi baftisma. Wannan ne mai bisharar da aka turo mana ya riƙe. Wata Lahadi ya tambayi yara abin da Allah ya halitta a rana ta huɗu, ni kuwa da zumuɗi na jero masa sunayen taurarin. Ya ce wa ya koya maka? Na ce Iya. Ya ce ragowar maguzanci ne, in tuba. Yara suka kwashe da dariya. Daren nan ta kama haɓata, na fizge. Ba ta ce uffan ba, ta matsa gefen tabarma. Ba ta sake nuna mini ba, ni ma ban roƙa ba, har ta rasu. Tauraruwa mai wutsiya ta 1986 ba ta same ta ba. Ni kaɗai na tashi da asuba ina nema, ba wanda zan tambaya.

Ina da 'ya'ya biyu kafin na karanta littafin Ayuba da natsuwa. Sura 38, inda Ubangiji ke yi wa Ayuba tambayoyi daga cikin guguwa, na ci karo da su: kaza da 'ya'yanta, mafarauci da kare da zomo. Da Hausarmu, yadda Iya ke faɗa. Suna cikin Amos sura 5 ma. Littafin nan shi ne mutumin ke saƙale da shi a hammata kowace Lahadi! Na gafarta masa, don an umarce mu, amma har yau in na tuna dariyar nan ƙirjina yakan yi zafi. Fizgewar kuwa tawa ce, ba zan ɗora wa kowa ba.

'Yata da ta yi karatun kimiyya ta ce hasken kazar nan yakan yi tafiyar shekara fiye da 400 kafin ya iso idonmu, kuma 'ya'yan sun haura ɗari nesa ba kusa ba. Ta ce Zara matar wata da Gamzaki abu ɗaya ne, duniya ce mai kewaya rana kamar tamu. Na yi shiru ina jinjina ikon Allah. Zabura 147 ta ce yana ƙidaya taurari, yana kiran kowanne da sunansa. Mai kiwon nan ba ya barci. Tsohuwa ta riga ni sani tun ba ta shiga ajin baftisma ba.

Jiya na shimfiɗa tabarma, na kama haɓar jikana. Ya ƙirga shida, ya ce sanyi yake ji. Na rufe masa ƙafa da bargo muka ƙara zama kaɗan.

Makarantar kwana sai mako mai zuwa, in Ubangiji ya bar mu.