Darussan Neman Gurbin Jami'a: Takardu Da Kuɗi Tun Kafin JAMB

Da yawa daga cikin yaran da ke rasa gurbin jami'a bayan sun ci maki mai kyau, ba karatu ne ya kayar da su ba. Takarda ce ko kuɗi. Wannan shi ne babban darasin da duk mai taimaka wa ɗalibai a wannan harka yake koya tun da wuri.

A fara da suna. JAMB, hukumar jarrabawar shiga jami'a, daga NIN (lambar shaidar ɗan ƙasa) take ɗauko bayanan ɗalibi. Idan a NIN an rubuta Muhammad, a sakamakon WAEC ko NECO kuma Mohammed, ko aka sa sunan uba a gaba a ɗaya aka mayar da shi baya a ɗayan, ko ranar haihuwa ta sha bamban, to matsala tana jira a wurin tantancewa. A gyara tun yaro yana aji biyu na babbar sakandare, lokacin da babu gaggawa. Layin wayar da za a tura NIN zuwa 55019 ko 66019 don karɓar lambar rajista ya zama na ɗalibin ne, kada ya zama na mai shagon intanet, domin ta wannan layin saƙonni za su riƙa zuwa.

Sai darussan jarrabawa. Huɗu ne, Turanci dole, jimillar maki 400. Mai son likitanci zai haɗa da Physics, Chemistry da Biology. Mai son injiniya, Lissafi, Physics da Chemistry. Kuskure a nan ba ya gyaruwa da yawan maki. Haka kuma kiredit biyar na WAEC ko NECO da suka haɗa da Turanci, da Lissafi idan fannin na buƙatarsa, a ɗora su a shafin JAMB, a riƙa duba CAPS, sashen shafin JAMB da ake bayar da gurbi ta cikinsa, in gurbi ya fito a danna amincewa. Duk gurbin da bai bi ta CAPS ba, zai zame wa mutum matsala lokacin bautar ƙasa.

Maganar kuɗi ita ce iyaye suka fi yi wa gurguwar fahimta. Suna tambayar kuɗin rajista kawai, alhali makonnin farko ne suka fi cin kuɗi: kuɗin karɓar gurbi a makarantun da ke karɓa, gwajin asibiti, ɗakin kwana, katifa, risho, kuɗin mota, bugun takardu. Ɗakunan cikin makaranta ba sa isa, wanda ya makara sai hayar waje, ita kuwa ta shekara ake biya gaba ɗaya. A rubuta waɗannan a takarda tun ranar da aka sayi fom, a shiga adashi ko a ware amfanin gona ko dabba da sunan wannan buƙata.

Bashin NELFUND, asusun lamunin karatu na gwamnatin tarayya, wanda aka sa wa dokarsa hannu a Afrilun 2024, ya kawo sauƙi na gaske ga ɗaliban makarantun gwamnati. Babu kuɗin ruwa, abin da ya kwantar da hankalin iyaye da yawa. Kuɗin makaranta kai tsaye yake tafiya asusun makarantar, na kashewa kuma naira 20,000 a wata ga ɗalibi, biya sai shekara biyu bayan bautar ƙasa. Amma a lura: sai makaranta ta tura bayanan ɗalibi kafin ya iya nema, da NIN, BVN da lambar JAMB. Sau da yawa wa'adin rajista yakan zo kafin kuɗin su iso, don haka zangon farko daga aljihu ne.

Tallafin karatu na jiha yana buƙatar takardar shaidar ɗan asalin ƙaramar hukuma. A karɓe ta tun kafin a buɗe shafin. Duk biyan kuɗi kuma ta hanyar da makaranta ta ayyana, kamar Remita, kada a tura asusun wani mutum, a ajiye rasit asali da kwafi biyu.