Kafin ka yanki tikitin Yamai

Ƙannena na Tahoua, maza da mata, musamman ku da kuka samu bak, takardar gama sakandare, bana da ku da zaman fada ya ishe ku: na san hirar da ake yi in an ɗora shayi na biyu. Wani Abijan yake hari, wani Aljeriya, amma mafi yawanku Yamai ce a baki. Mu Adarawa tafiya bida gadonmu ce, don haka ba ni da bakin hana kowa fita. Na zauna Yamai shekaru masu dama, na dawo, kuma ra'ayina shi ne sunan garin ya fi daɗin zamansa. Wuri ne da ya kamata a je a ɗauko abu, ba lalle a tare ba.

A ba ta haƙƙinta tukuna. Tun 1926 da Turawa suka ɗauke babban birni daga Damagaram suka kai shi bakin kogi, kusan komai can aka tara: ma'aikatun ministoci, Jami'ar Abdou Moumouni, manyan asibitoci, filin jirgin Diori Hamani, ofisoshin ƙungiyoyin agaji. A ƙidayar 2012 mutanenta sun haura miliyan ɗaya, alhali babu wani gari a Nijar da ya kai rabin haka. Akwai karatun da sai can, akwai ciwon da sai can, akwai takardar da ko ka ƙi ko ka so sai ka bi ta Ƙonni da Dogon Dutsi da Doso ka je ka karɓo ta da hannunka. Duk wanda ya ce muku Yamai banza ce, bai faɗi gaskiya ba.

Inda na faɗi shi ne wajen lissafi. Da aka gaya mani albashin aikin da na samu, na auna shi da rayuwar gidanmu, inda hatsi daga rumbu yake fitowa, ɗaki na gado ne, kasuwa kuma da ƙafa ake zuwa. Sai na ga kuɗi masu yawa. Ban sa kuɗin dillalin da ya nuna mani ɗaki ba, ban sa na watannin da mai gida ya karɓa tun kafin in ajiye tabarma ba. Ban sa ɗan ga-ruwa ba, da yake gidan babu famfo. Ban san cewa daga unguwarmu zuwa wurin aiki sai an shiga mota biyu ba, safe da yamma, kuma in ka ce za ka jira faba-faba, ƙananan bas na haya, don sauƙi ka makara. A Yamai gero tiya-tiya ake saye, itacen girki saye, ƙanƙara lokacin zafi saye. Mafi ƙarancin albashi a ƙasar nan, bayan ƙarin da ya fara aiki a 2024, jika 42 ne a wata, wato sefa dubu 42. Ku ɗauki wannan adadi ku je ku tambayi kuɗin ɗaki ɗaya mai wuta a Talaje ko Bukoki, sannan ku ga abin da ya rage na ci.

Akwai kuma wani kashe kuɗi da ba wanda yake faɗa, don faɗarsa kamar rowa ce. Ranar da aka ji a gida kana da ɗaki a Yamai, ka zama masauki. Gwaggo ta zo ganin likita, ɗan maƙwabci ya zo konkur, jarrabawar neman aiki ko makaranta, abokin baba ya zo neman fasfo za shi Makka. Kowa da haƙƙinsa a kanka, kuma ni ban taɓa nadamar saukar da kowa ba. Albarkar da tsofaffin nan suka sa mani tana bina har yau. Amma baƙon da ya zo jinya ba kwana biyu yake yi ba, kai ne kuɗin taksi, kai ne abinci, wani lokaci kai ne cikon kuɗin magani. In za ka yi lissafin zaman Yamai, ka sa wannan a ciki tun farko, don kada ka wayi gari kana ɓoye wa dangi lambar wayarka. Na ga waɗanda suka kai ga haka, kuma ba mugayen mutane ba ne.

Da haya ta matsa mani sai na ƙetare kogi zuwa Harobanda, na samu ɗaki mai araha a wani kwari. Da rani na kama shi, ban tambayi kowa dalilin arahar ba. A damanar 2020 kogi ya cika ya fasa madatsar Lamorde, ruwa ya shiga unguwannin ƙetare, gidajen ƙasa suka zube, aka kwashe mutane zuwa makarantu. Na tsira da raina da takarduna, katifa da sauran kaya sai labari. Don haka in an nuna maka ɗaki, dubi gindin bango ko akwai zanen da ruwa ya bari, kuma ka tambayi mai shago ko mai kosai ta bakin layi, ba dillali ba. Dillali la'adarsa yake nema.

Wataƙila ku ce, to me ya hana ka dawowa tun da wuri? Kunya. Kuma nan ne nake son ku buɗe kunne sosai, don mu da muka riga ku tafiya mu ne muke ruɗin ku. Sallah ta zo, mutum ya ci bashi ya ɗinka shadda, ya sauka a tasha da leda cike da tsaraba, ya raba wa yara sababbin kuɗi, ya zauna a fada yana ba da labarin gadoji uku da manyan otal-otal. Ba zai ce mutum huɗu suke kwana a ɗaki ɗaya ba. Ba zai ce tun da Nijeriya ta yanke wuta a watan Agustan 2023 ya yi makonni yana kwana a tsakar gida yana kokawa da sauro ba. Ni ma na yi wannan wasan, na yi shi da kyau har wasu yara suka biyo ni saboda shi. Bayan ka nuna wa gari ka samu, da wane ido za ka dawo ka ce ba ka samu ba? Sai ka ƙara shekara, ka sake ƙarawa. Hangen Dala ba shiga birni ba ne, kuma abin da kuke gani ranar Sallah hange ne.

Asarar da ta fi yi mani ciwo ba ta kuɗi ba ce. Kawuna yana harkar albasa tsakanin Galmi da Madawa, kuma kafin in tafi ya ce in zauna in riƙe masa littafi. Na raina abin, ina ganin mai takarda bai kamata ya yi warin albasa ba. Ga yadda sana'ar take: lokacin girbi, wajen Maris da Afrilu, albasa ta cika kasuwa, farashi ya faɗi ƙasa. Mai haƙuri ya saya ya zuba a rudu, rumbun ajiyar albasa, yana dubawa yana tsince wadda ta fara ruɓa, har damina ta yi nisa kaya su yi wuya. Sannan a loda manyan motoci zuwa Kumasi da Akara da Abijan. Jari yana da amfani, amma abin da ke tafiyar da harkar amana ce: manomi ya ba ka buhuna ba tare da ka biya nan take ba don ya san ubanka, direba ya tafi da kayan miliyoyi a kan maganar baki. Wannan ba a koyonsa a wata shida, kuma ba a sayensa. Ɗan ƙanwar kawu, wanda ko lakwal bai gama ba, shi ya zauna. Da na dawo na tarar manoma shi suka sani, shi ake kira daga Gana. Ya karɓe ni hannu biyu, Allah ya saka masa, amma a ƙarƙashinsa na fara, ni da na girme shi.

A Yamai kuwa ba wanda ya san ubana. Har Zabarmanci ban tsaya na koya ba, da yake Hausa tana isar mutum a Katako da Wadata da Babbar Kasuwa. Ta ishe ni ciniki, ba ta ishe ni zama ɗan unguwa ba. In ka yanke za ka zauna, koyi harshen maƙwabtanka, ka je sunansu da jana'izarsu.

Kada ku ɗauka ina cewa Tahoua aljanna ce. Aikin albashi kaɗan ne, in ka cire koyarwa da aikin likita da masana'antar siminti ta Malbaza. Ruwa yana wuya da bazara. Arewacin jihar yana fama da rashin tsaro, ba mu manta kisan Tiliya na Maris 2021 ba. Kasuwancin da nake yabo ma yana da ranar kuka: rufe iyakar Nijeriya a 2019, da takunkumin 2023, sun durƙusar da mutane da yawa a Ƙonni. Kuma zaman gida yana da nasa nauyi, kowa ya san abin da ka ci jiya. Wasu, musamman ƴan mata masu son karatu mai zurfi, nisan ne ma yake ba su numfashi, na yarda da wannan. Sai dai ke ƙanwata, in wata ƴar uwa ta ce ki zo ki zauna wurinta za ta sa ki makaranta, a bari baba ko yaya ya ji sunan makarantar da ranar shiga kafin ki hau mota. Da yawa sun tafi karatu sun ƙare a wanke-wanke.

In za ka tafi, ka iya faɗin abin da za ka ɗauko da baki ɗaya: digiri kaza, koyon gyaran sanyi wurin wane, aikin da aka riga aka ba ka takardarsa. “Zan je in gani” ba dalili ba ne. Ka duba ko abin da kake nema yana nan kusa, don tun 2010 Tahoua tana da jami'arta, ba kamar zamanin yayyenmu ba da sai an ƙetare gadar Kennedy. Ka yanka wa kanka wa'adi, ka faɗa wa wani babba da kake jin nauyinsa, don ya tambaye ka in lokacin ya cika. Ka bar wani abu naka a gida yana motsi, ko tunkiya biyu a hannun inna, ko hannun jari a lambun wani, abin da zai sa a riƙa kiranka ana shawara da kai. Kuɗin motar dawowa kuma ka ware su tun ranar da ka sauka, ka ba wani amintacce ajiya, kada su zauna a wayarka inda za ka taɓa su ranar da mai gida ya ƙwanƙwasa ƙofa.