Dolly Parton, mawaƙiyar da ke aika wa yara littafi kowane wata

A nan Maradi, duk wanda ya ba shekara 50 baya da wuya ya ce bai taɓa jin muryar Dolly Parton ba, ko da bai riƙe sunan ba. Direbobin manyan motoci masu jigila tsakanin nan da Kano da Legas su ne suka cika mana gari da kaset-kaset na kiɗan kantiri, wato kiɗan mutanen karkarar Amurka, nata da na Don Williams da na Kenny Rogers. Babana yana cikin direbobin nan. Ingilishinsa bai wuce na gaisawa da jami'an kan hanya ba, amma yakan ce matar nan daga jin muryarta ka san ta taɓa kwana da yunwa. Sai bayan na zama malamar lakwal, na fara bibiyar tarihinta, na tarar Baba bai yi kuskure ba.

An haife ta ranar 19 ga Janairun 1946 a gundumar Sevier, cikin duwatsun gabashin jihar Tenesi ta Amurka. Ita ce ta huɗu a cikin ƴaƴa 12, a gidan katako mai ɗaki ɗaya. Ta sha faɗa da bakinta cewa likitan da ya karɓi haihuwarta da buhun garin masara aka biya shi. Mahaifinta, Robert Lee Parton, ƙaramin manomi ne mai haɗawa da aikin gini don ya ciyar da gida, kuma bai iya karatu da rubutu ba. Waƙa ta wajen uwa ta gaje ta. Akwai wata da ta fitar a 1971 a kan rigar da mahaifiyarta ta haɗa mata da ƙyallayen da aka ba su sadaka, ta sa ta tafi makaranta tana murna, ƴan ajinsu suka yi ta yi mata dariya. Ni da nake tsayawa gaban allo kullum, na san yarinyar nan. Kowace shekara tana cikin ajina, a bencin baya, tana jan hijabi don ta rufe inda rigar ta yage.

Washegarin ranar da ta gama sakandare a 1964 ta hau mota zuwa Nashville, cibiyar wannan kiɗa. Da rubuta wa wasu waƙa ta fara cin abinci. A 1967 wani mawaƙi mai shiri a talabijin, Porter Wagoner, ya ɗauke ta, suka yi shekara bakwai tare, har ta ga lokaci ya yi da za ta tsaya da ƙafarta. Rabuwar ba ta zo da sauƙi ba, kuma waƙar bankwanar da ta rubuta masa, "I Will Always Love You", wadda ta fito a 1974, ita ce ta zame mata arziki.

Elvis Presley, wanda a lokacin babu kamarsa a Amurka, ya so ya rera waƙar. Sai manajansa, Kanar Tom Parker, ya kafa sharaɗi cewa sai an sallama musu rabin haƙƙin mallakarta. Mace ƴar ƙauye, ba ta kai shekara 30 ba, ta ce a'a. Ta ce ta yi kuka a kan abin, amma ba ta sa hannu ba. A 1992 mawaƙiya Whitney Houston ta sake rera waƙar a wani fim, ta game duniya, kuma kason marubuci da na mai mallaka ya tafi wurin Dolly bai ragu ba. Ta riƙi waƙarta yadda manomin kirki yake riƙe gona: ya sayar da amfanin bana, gonar kuwa tana nan ta ƴaƴa.

Abin nan yana tsaya mini a rai saboda yadda muka saba ganin mawaƙi a ƙasar Hausa. A wurinmu mawaƙi shi ne mai karɓa. Ya wasa sarki ko attajiri, a yi masa kyautar riga, ko doki, ko mota, ko kujerar Makka, a tashi. Waƙar kuwa da zarar ta fita ta zama ta kowa. Yau a babbar kasuwa da ƴan canji kaɗan za a cika maka waya da aikin da mutum ya yi shekara 30 yana yi, shi ko dala ba zai gani ba. Shi ya sa muke ganin manyan makaɗa sun tsufa ana haɗa musu kuɗin magani. Wanda bai mallaki aikinsa ba, da me zai yi wa wani alheri?

Sauran ɗaukakarta ba sai na ja ba. Ta yi fina-finai, ta yi waƙa da Kenny Rogers a 1983 wadda ita ma ta zo mana nan a kaset, an sa ta cikin jerin gwarazan kiɗan kantiri a 1999. A 1986 ta shiga harkar wani filin shaƙatawa a garin Pigeon Forge, aka sa masa suna Dollywood, ya zama wurin da dubban mutanen yankinsu suke samun aiki. A 1988 ta kafa gidauniya.

Aikin gidauniyar na farko-farko shi ne hana yara barin makaranta. A farkon shekarun 1990 ta tara ƴan aji bakwai da takwas na gundumarsu, ta ce kowa ya zaɓi aboki, in su biyun suka gama sakandare kowannensu yana da dalar Amurka 500. Wato an ɗora wa kowane yaro nauyin riƙe hannun ɗan uwansa. Gidauniyar ta ce a cikin waɗannan azuzuwan masu ficewa sun ragu daga kashi 35 cikin 100 zuwa kashi 6. Daga nan ne aka lura cewa matsalar tun kafin shiga aji ɗaya take farawa.

A 1995 ta buɗe shirin da ake kira Imagination Library. Tsarinsa ba shi da wuya: a rubuta sunan yaro tun yana jariri, kowane wata gidan waya ya kawo masa littafi ɗaya kyauta, har ya cika shekara biyar. Wanda aka rubuta tun haihuwa zai shiga makaranta da littafi 60 nasa na kansa. Ta ce saboda mahaifinta ta yi, mutum mai kaifin basira wanda rashin karatu ya daƙushe, yana kuma jin kunyar abin har cikin ransa. Ta jawo shi cikin aikin, ya ga farkonsa kafin ya rasu a 2000. Ta ce jin yara suna kiranta matar littattafai ya fi faranta masa rai a kan duk lambobin yabon da ta samu a waƙa.

Abu biyu a tsarin nan nake so ƴan uwa su duba da kyau. Littafin da sunan yaron yake zuwa, ba da sunan uba ko uwa ba. Kuma ba a tambayar ko gidan masu hali ne ko talakawa. Duk yaron da ke yankin da shirin ya kai yana da haƙƙi. Wadda aka yi wa dariya saboda rigar ƙyallaye ta san zafin a nuna ka a ce wannan ɗan sadaka ne. In ɗan likita da ɗan mai gadi duk littafi ɗaya aka kawo musu a wata ɗaya, babu mai sunkuyar da kai. Mu a nan sau da yawa sai an jera mabuƙata a rana, an ɗauke su hoto da buhu a gabansu, sannan a miƙa. Raina yana ɓaci duk lokacin da na ga haka, don na san wasu iyayen sun gwammace su kwana da yunwa da a ga fuskarsu a Facebook.

Daga gunduma ɗaya shirin ya bazu cikin Amurka, ya shiga Kanada a 2006, Birtaniya a 2007, daga baya Ostireliya da Ailan. A Fabrairun 2018 ta kai littafi na miliyan 100 babban ɗakin karatu na majalisar dokokin Amurka, a 2023 adadin ya haura miliyan 200. Ba daga aljihunta duka kuɗin suke fitowa ba. Gidauniya ce ke zaɓen littattafai da riƙe tsarin, su kuma ƙungiyoyi da hukumomin kowane yanki su biya kuɗin littafi da na aikawa na yaransu. A ganina wannan ne ya sa abin ya ɗore shekara 30, don mutanen gari sun sa nasu a ciki.

Na ga irin wannan tunani a abin da ta yi bayan gobarar daji ta Nuwamban 2016, wadda ta cinye gidaje a garin Gatlinburg na gundumarsu da kewaye, mutum 14 suka mutu. Ta kafa asusu, iyalai wajen 900 da suka rasa muhalli aka riƙa ba kowannensu dalar Amurka 1,000 duk wata har wata shida, kuɗin da ya haura jika 500 na sefa. A biyan ƙarshe aka ƙara musu har kowane gida ya tashi da 10,000. Kuɗi ne a hannu, ba a ce wa kowa ga abin da zai saya ba. Na tuna da wannan a daminar 2024, da ruwa ya rushe gidajen ƙasa a unguwanninmu, mutane suka koma kwana a azuzuwan makarantu. An kawo taimako, Allah ya saka wa waɗanda suka kawo, amma yawancinsa na makon farko ne. Wanda katangarsa ta faɗi a Agusta, a Disamba ma yana cikin buƙata, lokacin da sanyi ya sauko kuma kowa ya manta da shi. A 2020 kuma ta ba asibitin jami'ar Vanderbilt dalar Amurka miliyan 1 don binciken korona, wani kaso ya shiga aikin da ya kai ga allurar rigakafin korona ta kamfanin Moderna.

Na san akwai wanda zai ce shigarta da kwalliyarta ba irin tamu ba ce, kuma addininmu ba ɗaya ba. Haka ne, ni ma ba zan so ƴata ta yi irin shigar ba. Amma wannan bai hana ni ganin cewa matar da Allah bai ba haihuwa ba ta sa littafi a hannun miliyoyin ƴaƴan wasu.

Alhazan Maradi ba a yi musu gorin kyauta. Masallatan da suka gina, rijiyoyin da suka haƙa a ƙauyukan Tibiri da Madarunfa, hatsin azumi, ɗaukar nauyin marayu, duk muna gani, Allah ya karɓa. Abin da ban cika gani ba shi ne wanda ya tuna da yaro ɗan shekara uku. Yaranmu suna zuwa aji ɗaya da haddar surori daga makarantar allo, kansu a buɗe yake, amma da yawansu ba su taɓa buɗe littafi mai hotuna ba, sai ka miƙa musu su riƙe shi a juye. Kuma na farko da za su gani da Faransanci yake, harshen da ba a yi da su a gida. Yanzu da aka ayyana Hausa harshen ƙasa a 2025, ya kamata a ce littafin farko na yaron Maradi da Hausa yake, wanda kakarsa za ta iya duba hoton ta ɗora masa da tatsuniya.

Gidan waya ba ya bi gida-gida a nan, don haka ba za a kwafo tsarinsu yadda yake ba. Amma uwaye suna kai jarirai awo da rigakafi, can ana iya miƙa littafi tare da katin yaro. Ana iya sa shi cikin kayan barka ranar suna. Na kawo maganar a wurin adashinmu na matan unguwa, wata dattijuwa ta ce, "Malama, in dai da Hausa ne, ki sa ni a ciki, jikokina sun ishe ni da kallon waya." Mun amince kowane zubi a ware wani abu. Inda muka tsaya yanzu shi ne samun littattafan kansu: na ƙananan yara da Hausa, masu manyan hotuna da takarda mai ƙwari, ba su cika samuwa a shagunan garin nan ba, sai mun ba da saƙo Yamai ko Kano.