Garin ƙashin da nake zubawa kafin dashen haƙori

Yawancin masu zuwa asibitina a Kano neman dashen turamen sama ba su san akwai kogon iska a cikin ƙashin kuncinsu ba. Idan turmi ya daɗe da fita, ƙashin wurin yakan zaizaye, kogon kuma ya yi ta saukowa. Sai ka ɗauki hoto ka ga ƙashin saura milimita 3 ko 4. To ina kusar titaniyom, wadda ake ɗora sabon haƙori a kanta, za ta kama? Dole a buɗe 'yar taga ta gefe, a ɗaga tantanin kogon a hankali, a cusa garin ƙashi a ƙarƙashinsa. Wani likita mai suna Tatum ne ya fara aikin a Amurka, wasu likitocin biyu, Boyne da James, suka wallafa shi a 1980.

Ni da ɗanyen ƙwai na koya. Malaminmu zai miƙo maka ƙwai da injin huda, ya ce ka cire ɓawon ba tare da ka fasa tantanin ciki ba. Na fasa kiret guda kafin hannuna ya faɗa. Ranar da na yi nasara bai yabe ni ba, wani ƙwan ya ƙara miƙo min. Har yau idan na ga tantanin mutum yana motsi da numfashinsa, wannan ƙwan nake tunawa.

Wane ƙashi za a zuba? Nan ne gardamar take. Na jikin mutum, wanda ake ɗebowa daga haɓa ko bayan muƙamuƙi, shi ne mai rai, amma rauni biyu ke nan, kuma yana saurin raguwa. Akwai na mamatan da suka bayar da gudummawa, mutanenmu dai da sun ji sai su yamutsa fuska. Akwai na haɗin ɗakin gwaji, ba dabba ba mutum. Wanda hannuna ya fi sabawa da shi na saniya ne, irin Bio-Oss na Siwizalan, an cire duk wani maiƙo da furotin, saura ma'adinin kawai. Yana daɗewa bai narke ba, shi ya sa yake riƙe tsayin da na gina. Nakan cakuɗa shi da ɗan ƙashin mai haƙorin, sannan a jira wata 6 zuwa 9.

Kowa kuma sai ya tambaya, "Likita, ba dai na alade ba ne?" Tambaya ce mai kyau, domin akwai na aladen, har tantanin da ake rufe tagar da shi wani daga alade ake yin sa. Kwalin nake ajiye wa mutum a gabansa mu karanta tare.

Abin da ke ƙona min rai dillalai ne. Wani ya taɓa kawo min kwalabe a leda, ba lambar rukuni, ranar lalacewa an kankare, wai rabin kuɗi. Ko buɗewa ban yi ba. Bayan ɗan lokaci wani Alhaji ya zo yana ta ciniki kamar a Kantin Kwari, ya ce a wani asibitin an yi masa ragi. Na ce, "Alhaji, ranka ya daɗe, ka tambaye su daga ina garin ya fito." Ya tafi. Wata huɗu ya dawo da kumburi, hanci guda yana zubar da ruwa mai wari. Sai da muka kwashe komai, muka jira wurin ya warke, sannan muka faro daga farko. A wannan karon shi da kansa ya ce a kawo kwalin ya gani.