Ajin manya a ɗakin ƙasa

Lahadin farko da na je coci a yankin Lancaster, jihar Pennsylvania a Amurka, sanyi ya sa ko yatsun hannuna ba na ji. Na iso da wuri, ba a fara sujada ba. Wata tsohuwa ta riƙe hannuna ta gangara da ni ɗakin ƙasa, ta ce yanzu lokacin makarantar Lahadi ta manya ne.

A gida, a cocinmu na EYN (Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya) da ke Mubi, mun san makarantar Lahadi: malami a tsaye, mu a zaune, ya koyar, mu haddace aya. Nan kuwa kujeru na tarar an kewaya da su, kowa da kofin shayi ko kofi da Littafi Mai Tsarki a kan cinya. Mai jagorancin yana zaune kamar kowa. Ya karanta aya, ya tambaya me muka gani a ciki, sai ya yi shiru yana jira. Har wata mata ta ce ba ta yarda da fassarar fasto ba, faston kuma yana wurin yana gyaɗa kai. Gabana ya faɗi.

Na yi wajen wata biyu ban ce uffan ba. Turancinsu da sauri yake fita, ni kuma ina zuwa ne kai tsaye daga aikin dare na kula da tsofaffi. Kiran dattijo da sunansa gatsau, yadda suke yi, har yau bakina ya ƙi. Tsohuwar nan Mama nake ce mata, ta kuma amsa.

Ashe sun san mu. Cocin 'Yan'uwa ne, waɗanda suka faro a Jamus a 1708, kuma mutanensu ne, Stover Kulp da Albert Helser, suka yi sujadar farko ta cocinmu a gindin tsamiya a Garkida a 1923. Da na ce daga Adamawa nake, Mama ta buɗe Littafinta ta zaro wata 'yar takarda da ta tsufa har ta yi laushi. Sunan ɗaya daga cikin 'yan matan Chibok ne da aka sace a Afrilun 2014. Ta ce a lokacin an raba wa ikkilisiyoyinsu sunayen domin addu'a, ita kuwa ba ta daina ba. Ta roƙe ni in gyara mata yadda ake faɗin sunan.

Ranar da muka kai Matiyu 5:44, inda Yesu ya ce a ƙaunaci magabta a kuma yi wa masu tsanantawa addu'a, kowa ya kawo nasa: maƙwabci mai rigimar iyaka, ɗan'uwan da aka yi shekaru ba a magana. Sai jagoran ya juyo gare ni a hankali ya ce, in ina so.

Ban san na fara ba sai da na ji muryata. Na ba su labarin ƙarshen Oktoban 2014, da Boko Haram suka shiga Mubi, yadda muka bi duwatsu da ƙafa muka nufi Kamaru, da goyo a bayana. Na faɗi maƙwabcinmu Musulmi da ya cusa yaranmu cikin motarsa tare da nasa. Na faɗi ƙanena da ya koma ɗauko mahaifiyarmu, ita ta tsira, shi har yau ba labari. Na ce musu ayar nan na haddace ta tun ina yarinya, amma yi wa mutanen nan addu'a, ban kai can ba tukuna.

Na jira a gyara mini. Ba wanda ya buɗe wata aya. Wani dattijo da ya ƙi ɗaukar bindiga a zamanin yaƙin Biyetnam ya cire tabarau ya share ido, ya ce: "To, kafin ki iya, mu za mu riƙa yi a madadinki." A wannan ɗakin ne na fara kukan ƙanena a gaban mutane.

Yanzu da Littafi Mai Tsarki na Hausa nake zuwa, sukan ce in karanta ayar da harshenmu kafin a fara tattaunawa. Mama ce ke mai da ni gida a motarta, a hanya tana koyon Addu'ar Ubangiji da Hausa. Mun kai wurin gafarta laifofi.