Kafin ka ce wa dillali "nemo mini mai saye"

Ƙannena, mu da muka riga ku sayar da gida a Katsina mun yi tuntuɓe a wurare sanannu, kuma har yau a nan ake faɗuwa. Yawancin asarar tana aukuwa tun mai saye bai taka zauren gidan ba, saboda an fito kasuwa da gaggawa, takardu ba su haɗu ba, 'yan gida ba su daidaita ba.

Babban kuskurenmu shi ne raba gida ɗaya ga dillalai biyar ko shida. Kowa ya ɗora nasa a kai, sai mai saye ya ji miliyan 18 a bakin wannan, ya ji 22 a bakin wancan, ya ɗauka akwai lauje cikin naɗi, ya janye. Gidan da ya daɗe yana yawo a bakin dillalai kimarsa zubewa take yi. Ka ɗauki dillali ɗaya, ko biyu in ya yi yawa, ka faɗa masa kuɗin da kake nema, ka riƙe na ƙarshe a cikinka. Ku yanke la'ada tun ranar farko, a rubuce: kashi nawa cikin 100, wa zai biya, yaushe. An fi yin kashi 5, amma yarjejeniya ce, ana iya ragewa in gidan mai tsada ne. Kada ka yarda da "duk abin da na samu a sama nawa ne", domin daga nan dillali zai hana ka haɗuwa da mai saye. Ainihin takardun gidan kuma ba sa barin hannunka, kwafi ya ishe shi.

Wajen sa farashi, abin da ka kashe a gini bai dami mai saye ba. Abin da yake kallo shi ne unguwa, girman fili, ko 50 da 100 ne ko rabinsa, ko mota tana shiga lungun, ko ruwa yana kwanciya da damina. Ka binciki gidaje uku da aka riga aka sayar kusa da kai cikin shekarar nan, ka ji nawa aka biya a zahiri. Kuɗin da maƙwabci yake nema bai sayar ba, ba ma'auni ba ne. Gida a Ƙofar Ƙaura da irinsa a cikin lungun Rafin Daɗi ba za su taɓa zama kuɗi ɗaya ba.

Inda na fi so ku tsaya shi ne gidan gado. Gidan da ba a raba ba, babban wa ba shi da ikon sayar da shi shi kaɗai, ko da shi ke riƙe da takardu. Kowane magaji sai ya amince ya sa hannu, har 'yar'uwar da take aure a Funtuwa da matar mamaci mai tumuninta. Wanda yake nesa ya aiko da wakilci a rubuce. In akwai marayu ƙanana, a bi ta gaban alƙali. Sannan a mazhabar Malikiyya akwai shuf'a: in ka sayar da kasonka na gidan da ba a raba ba ga bare, abokin tarayyarka yana da haƙƙin ya biya kuɗin ya karɓe. Saboda haka ka fara yi wa 'yan'uwanka tayi a gaban shaidu. Yawancin shari'un da suke cin shekaru, daga barin mutum ɗaya a baya suke farawa, kuma sau da yawa mace ce aka bari.

Takardun ma a duba su tun da wuri. Dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta sa filayen jiha a hannun gwamna, don haka gida mai satifiket ɗin mallaka ba ya komawa sunan wani sai da amincewarsa. Takardar mai unguwa shaida ce mai amfani, amma ba ta maye gurbin wannan. Ka je ma'aikatar filaye ka tabbatar sunan da ke fayil shi ne naka, babu bashin harajin fili, babu jinginar banki. In sunan mahaifinka ne, ko na wanda ya sayar maka shekaru 15 da suka wuce, gyara shi yanzu, domin mai saye da ya zo da lauya zai gano, ya mayar da shi dalilin rage maka kuɗi.

Kada ka ɓoye aibi. Mun sha shafa fenti a kan gindin bangon da gishiri ya ci, ruwan Agusta na farko ya tona asiri, mai saye ya dawo da shaidu. Addini ya hana, kuma aibin da aka ɓoye yana iya warware ciniki. Ka zaga da mai saye ka nuna masa tabon yoyo a silin, tsagar katanga, masai da ya kusa cika, indararon da yake zuba a gidan maƙwabci. Ƙananan gyara ka yi su: kwanon da ya ɗage, famfo mai ɗiga, kwatar da ta toshe. Tayil da sabon kicin kuwa bar su, ba sa dawo da kuɗinsu. Ka biya bashin wutar KEDCO da na ruwa, ka ajiye rasit.

In akwai 'yan haya, ka sanar da su kafin masu dubawa su fara sallama. Mai hayar shekara, sanarwar wata shida aka saba ba shi, sai in yarjejeniyarku ta faɗi wani abu daban. Kada ka yi wa mai saye alkawarin makulli cikin mako biyu alhali akwai iyali a ciki.

Ranar biya, kada saƙon waya ya ruɗe ka, ana ƙirƙirar na bogi. Ku je banki tare, ka ga kuɗin a asusunka kafin ka sa hannu. Dokar hana safarar kuɗin haram ta 2022 ma ta hana mutum karɓar tsabar kuɗi sama da naira miliyan 5 ba ta hanyar banki ba. In an ba da kafin alƙalami, a rubuta ranar cikawa da abin da zai faru in ba a cika ba. Biya kashi-kashi kuwa ka guje shi in za ka iya. Duk wanda ya sayar a farkon 2023 ya karɓi ragowar bayan shekara ya ga yadda siminti ya tsere wa kuɗinsa. In dole ne, takardu su zauna hannunka ko na lauya har kobon ƙarshe, da shaidu biyu daga kowane ɓangare.

Kuma kada ka sayar da inda kake kwana ba ka san inda za ka koma ba. Kuɗin gida in ya kwana wata uku a asusu, biki da rance da jinya sai su ci masa gefe. Ka nemo gidan da za ka saya tukuna, ka haɗa ranakun biyu kusa da juna, sannan a rubuta a takardar ciniki kwana nawa aka ba ka ka kwashe kaya, 30 ko 60, kafin ka miƙa makulli.