Ɗan mai haƙar kwal da ya leƙa cikin dutse

Makon jiya na kai motata gareji saboda hayaƙi. Bakanike ya shiga ƙarƙashinta, ya fito yana kaɗa kai. "Malam, ai indomin motar nan babu, tun kafin ka saya aka yanke." Yana nufin na'urar da ke tsabtace hayaƙin mota. Ya ɗauko min wata fasasshiya daga tarin ƙarafa ya miƙo min. Cikinta kamar saƙar zuma, ramuka ƙanana jere reras, toka-toka, ba nauyi. A bangon ramukan nan ake shafa 'yar ƙurar filatinam da danginsa, su ne ke juya iskar kabon monoksaid mai guba ta koma kabon dayoksaid kafin ta fita daga salansa. Shekara 11 ina koyar da kimiyyar sinadarai a sakandare, ina rubuta wa yara ma'anar katalis a allo, cewa abu ne mai gaggauta haɗuwar sinadarai ba tare da shi ya ƙare ba, amma sai ranar na riƙe shi a tafin hannuna. Na dawo gida ina ta tunanin John Meurig Thomas, masanin sinadarai da ya yi fice a binciken katalis.

An haife shi a 1932 kusa da garin Llanelli a yankin Wels na Birtaniya, mahaifinsa mai haƙar kwal ne. Ya yi karatu a Swansea, ya fara koyarwa a Bangor a 1958, ya shugabanci sashen sinadarai a Aberystwyth daga 1969, sannan Kambirij ta ɗauke shi a 1978. A 1986 ya zama daraktan Royal Institution da ke Landan, gidan binciken kimiyya da shahararren masani Michael Faraday ya yi aikinsa. Ya rasu a 2020.

Muƙaman nan ba su ne suka ja ni gare shi ba. Abin da ya ja ni shi ne inda ya zuba ido. A littafin makaranta ana zana kiristal kamar sahun salla da ya daidaita, kowace ƙwayar zarra a gurbinta. Thomas tun yana matashi ya koma neman inda sahun ya karkace, inda aka sami giɓi ko layi ya goce, a cikin abubuwa irin su girafait, wato baƙin abin da ke cikin fensir. Ya ga cewa sau da yawa a wuraren nan ne sinadarai ke fara cin juna. Kuma bai yarda da hasashe ba, sai ya gani. Yana cikin masana sinadarai na farko da suka rungumi madubin ilektron mai ƙarfin gaske don leƙa tsarin daskararrun abubuwa kai tsaye.

Daga nan ya faɗa cikin ziyolait. Wannan dutse ne mai cike da ramuka waɗanda faɗinsu bai kan kai nanomita ɗaya ba, wato kashi ɗaya cikin biliyan na mita, ƙaramin sinadari ya shige, babba ya tsaya a waje, kamar rariya. Matatun mai na amfani da shi wajen farfasa mai mai kauri ya zama fetur. Tunanin Thomas shi ne, tun da mun san ramin, me zai hana mu dasa ƙwayar ƙarfe guda ɗaya a bangonsa, kobalt ko manganis, nesa da 'yar'uwarta, kowace gurbi iri ɗaya da na kusa da shi? Idan aka yi haka, masani ya san takamaiman wurin da aikin ke gudana, zai iya gyara shi da gangan maimakon ya yi ta gwaji yana jiran sa'a.

Misalin da na fi so shi ne na nailan. Tsohuwar hanyar haɗa kafrolaktam, wanda ake yin wani nau'in nailan da shi, tana cin asid mai ƙarfi, kuma gishirin amoniyam salfet da take bari ya fi abin da ake nema nauyi. A 2005 shi da abokin aikinsa Robert Raja suka nuna ana iya haɗa shi a mataki ɗaya, da iska da amoniya, cikin irin waɗannan ramuka, ba tare da tarin gishirin ba.

Akwai kuma abin da ya taɓa ni a matsayina na malami. Yaren Wels ne harshen gidansu, bai yar da shi ba duk da ɗaukakar da ya samu, har bayanin kimiyya yakan yi da shi ga mutanensa. Ni kuwa sau nawa ina ganin yaro ya haddace ma'anar Turanci, idan na ce ya faɗa min da Hausa sai ya yi shiru.

Na roƙi bakaniken ya bar min guntun nan. Ranar Litinin na shiga da shi aji, ya zaga hannu hannu. Wata yarinya ta ɗaga shi saitin taga, ta rufe ido ɗaya, ta ce, "Malam, haske na wucewa ta ciki." Na ce mata haka hayaƙin ma yake wucewa, yana gogar bango. Daga nan muka fara darasin, da Hausa.